Jitar Abzinawa a Cikin Memori: Faifai Shida da Suka Raka Ni Shekara Goma

A ƙarshen 2019 mujallun kiɗa na Turai da Amurka sun cika intanet da jerin sunaye: faifai hamsin da suka fi daɗi daga 2010 zuwa 2019, faifai ɗari da ba za a manta da su ba. Al'adarsu ce duk bayan shekara goma. Kowa ya fito da nasa jerin, a yi ta musu a kai kamar yadda muke musun ƙwallo a teburin mai shayi. Ni ma ina da nawa, ko da yake ya makara, kuma ba a wani babban birni aka haɗa shi ba. Tsakanin garinmu Liba, a ƙaramar hukumar Maiyama ta jihar Kebbi, da shagon cajin waya na yayana a Jega aka haɗa shi, inda na shafe mafi yawan shekarun nan ina tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori.

Irin kiɗan da zan yi magana a kai, Turawa na kiransa "indie rock". Kalma ta biyu tana nufin kiɗan jita mai lantarki da ganguna, mai ƙara da zafi. Ta farko kuma tana nufin makaɗan da ba su shiga hannun manyan kamfanonin faifai ba. Ƙananan kamfanoni ne ke fitar da aikinsu, wani lokaci ma su da kansu. Da za a ce in faɗa da Hausa, sai in ce makaɗin da ba shi da ubangida. Mu kuwa mun san nauyin wannan magana. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo yana da fadar Maradun, Sa'idu Faru yana da Sarkin Kudu Macciɗo. A inuwar sarakuna aka yi manyan waƙoƙinmu, kuma ba abin kunya ba ne.

A shekarun da nake magana a kai, ubangidan ya cire rawani ya sa hular jam'iyya, kiɗan kuma ya bar hannun mutum ya koma cikin kwamfuta. Ba raina shi nake yi ba. Da shi muka ci abinci a shago, kuma har yau akwai waƙoƙin Nura M. Inuwa da na Umar M. Shareef da kan tsayar da ni in ina tafiya. Amma kunnena ya riƙa jin ƙishirwar wani abu daban: ƙarar yatsa a kan tsirkiya, numfashin mawaƙi kafin ya ɗauko baiti, ɗan zamewar hannu da makaɗi zai yi a bar ta ta wuce. Na nemi wannan a kiɗan Turawa. Na saurari The Suburbs na ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada, wanda ƙaramin kamfani ya fitar a 2010 amma ya ci babbar kyautar Grammy a 2011. Na yaba, sai dai bai zauna mini a jiki ba. Wanda ya zauna daga maƙwabta ya zo, daga Nijar da Mali, kuma irin waɗannan ƙananan kamfanoni ne suka kai shi duniya.

Sai dai ka sani, mai karatu, mu a wancan lokacin ba mu san wani abu faifai mai suna da bango da hoton mai shi ba. Waƙa takan zo ne tsirara, daga waya zuwa waya ta bulutut, da lamba a maimakon suna. A kwamfutar shagon akwai wata ma'ajiya da yayana ya rubuta wa "Buzaye", cikinta kuwa "buzu 1", "buzu 2", "buzu mai daɗi". Asalin ma'ajiyar wani dattijo ne Ba'abzine da ke gadin layin shagunanmu. Da la'asar yakan kawo wayarsa caji, ya koma gindin bango ya hura gawayi ya ɗora 'yar butar shayinsa. Wata rana wayar ta ɗauki kiɗa ina riƙe da ita, na fita na same shi.

"Baba, wane ne mai kiɗan nan?"

"Yaron wajenmu ne," in ji shi. "Kana so? Ɗauka. Ba a sayar da shi."

Shekaru na yi ina sa wa waɗannan lambobi suna, ɗaya bayan ɗaya, musamman bayan na samu waya mai intanet. Ga shida daga cikinsu, a jere yadda suka iso mini.

1. Anar, na Mdou Moctar

Wannan ne ke cikin wayar dattijon a ranar. Muryar ce ta fara kama ni. An bi da ita ta cikin na'urar nan mai lanƙwasa murya ta koma kamar ta ƙarfe, wadda ake yayi a waƙoƙin finafinan Hausa a lokacin. Gangar ma ta kwamfuta ce, irin wadda na saba ji kullum. Amma harshen Tamashek ne, kuma a tsakiya akwai jita tana zagaye wuri ɗaya kamar mai neman abin da ya faɗi. Kunnena ya san gidan, bai san baƙon da ke ciki ba.

Dalili kuwa shi ne a Sakkwato aka ɗauki faifan, a 2008. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, saurayi ne daga jihar Tawa a Nijar. Ya tsallako iyaka ya shiga sutudiyo irin wanda mawaƙanmu ke shiga, ya fito da waƙoƙin soyayya cikin harshensa da kayan kiɗanmu. Ba kamfanin da ya buga su. Wayoyi ne suka ɗauke su suka yi hamada da su har arewacin Mali. A can Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, da ke tattara waƙoƙi daga memorin mutane, ya ci karo da ɗaya daga ciki mai suna Tahoultine. Ya sa ta a wani kundi da ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan wayoyin Sahara. Ya bi sawun masu waƙoƙin don ya ba su kasonsu, a haka ya gano Mdou. A 2014 kamfanin ya buga Anar a faifan garmaho.

Daga Jega zuwa Sakkwato tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Amma sai da waƙar ta je Kidal, ta je birnin Fotlan na Amurka, kafin sunan mai ita ya iso gare ni. Har yau in na tuna wannan nakan yi murmushi, murmushin da bai kai ciki ba.

2. Agadez, na Bombino (2011)

Agadas ba baƙon suna ba ne a ƙasar Kabi. Littattafan tarihi sun nuna cewa Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas wajen 1515, kuma a kan rabon ganimar suka ɓata har Kabi ta tsaya da ƙafarta. A can Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi karatu wajen Malam Jibrilu. Ta nan ayarin raƙuma ke biyowa da gishirin Bilma. Hausa kuma ita ce harshen kasuwar garin har gobe. Duk da haka, kafin wannan faifai ban taɓa tunanin mutanen Abzin a matsayin masu waƙa ba. Masu gadi, masu shayi, masu haƙa rijiya, masu tallar takobi da zobba: iyakar abin da idona ya saba gani ke nan.

Omara Moctar, wato Bombino, an haife shi a 1980 kusa da Agadas. Tawayen Abzinawa na 1990 ya kori iyalinsa zuwa Aljeriya yana yaro, a can ya fara taɓa jita. Da tawaye ya sake tashi a 2007, hukuma ta ɗauki jita a matsayin makamin 'yan tawaye, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya gudu Burkina Faso. A watan Janairun 2010 ya dawo gida ya yi wasa a gindin babban masallacin nan na ƙasa mai doguwar hasumiya, jama'a suka cika fili. Shekara mai zuwa kamfanin Cumbancha ya fitar da wannan faifai.

Kiɗa ne mai sanyi. Jita, tafi, ƙwarya, murya wadda ba ta ɗaga kanta. Tafiyarsa tafiyar raƙumi ce, ba sauri ba tsayawa. Shi na riƙa ji da ɗari in na koma Liba taya mahaifina ban ruwan albasa, injin yana ƙugi a bakin rijiya, ni kuma ina bin ruwa fangali zuwa fangali da waya a aljihu. Daga baya Bombino ya yi nisa. Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ya kai shi birnin Nashbil suka yi Nomad, wanda ya fito a 2013, faifansa Deran na 2018 kuma ya shiga takarar Grammy, karo na farko ga ɗan Nijar. Dukansu suna da kyau. Amma a Agadez ne aka fi jin yatsunsa.

3. Tassili, na Tinariwen (2011)

Waɗannan su ne iyayen tafiyar. Ibrahim Ag Alhabib da abokansa, 'yan arewacin Mali, sun fara haɗuwa ne a Tamanrasset ta Aljeriya wajen 1979, lokacin da fari da rikici suka watsa samarin Abzinawa cikin biranen Aljeriya da Libiya neman abin yi. A kaset waƙoƙinsu suka fara yawo, hannu zuwa hannu, kamar yadda na 'ya'yansu suka yi yawo a memori. Sunan ƙungiyar yana nufin hamadu.

Don yin wannan faifai sun ajiye jitar lantarki suka ɗauki ta katako, suka kafa tanti a cikin duwatsun kusa da Janet a kudu maso gabashin Aljeriya, aka kai kayan ɗaukar murya can. Baƙi daga Amurka suka same su a wurin, ciki har da mawaƙa biyu na ƙungiyar TV on the Radio; ɗayansu, Tunde Adebimpe, iyayensa 'yan Najeriya ne. A watan Fabrairun 2012 faifan ya ci Grammy. A daidai lokacin yaƙi ya riga ya ɓarke a arewacin Mali, kuma kafin shekarar ta ƙare masu ɗauke da makamai da suka kama yankin sun haramta kiɗa. Faifansu na gaba, Emmaar na 2014, a hamadar Kalifoniya aka ɗauke shi saboda gida ba ya shiguwa.

Wannan karon ni na kai wa dattijon. Na sa masa a wayarsa da magariba, na zauna ya zuba mini shayi. Bai ce komai ba har waƙa uku suka wuce. Sa'annan ya gaya mini cewa suna da kalma ɗaya da suke kiran irin wannan kiɗa da ita, asuf. Na tambaye shi ma'anarta. Ya ce kewa ce, amma ba irin wadda ke wucewa in ka ga wanda kake kewa ba. Ita ce abin da ke zaune a bayan hasken wuta in dare ya yi a daji. Ya ce farin 1984 ne ya cinye dabbobin gidansu, tun daga nan yake gadin dukiyar wasu. Shekara biyu muna gaisawa kullum, sai a ranar na ji wannan. Ba na jin kalma ko ɗaya a cikin Tassili, amma duk lokacin da na sa shi, da muryar dattijon nake fassara shi.

4. Kaani, na Tal National (2013)

Kada mai karatu ya ɗauka duk kiɗan Nijar kewa ce da tagumi. Wannan faifai biki ne. Wani direba Bazabarme mai ɗaukar kaya tsakanin Jega da Kamba ya kawo shi, ya ce a Yamai babu wanda bai san su ba. Ranar da na sa shi a lasifikar ƙofar shago, 'yan kabu-kabu biyu suka kashe mashin suka tsaya, mai fura ta sauke ƙwaryarta tana kaɗa kafaɗa tana yi kamar ba ita ba.

Jagoran ƙungiyar, Hamadal Moumine da ake kira Almeida, ya buga ƙwallo, ya yi aikin alƙalanci a Yamai, da dare kuma ya rataya jita. Ya tara Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa a ƙungiya ɗaya, kowa da harshensa da salon kiɗan garinsu. Sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare sa'o'i da yawa, kuma suna da yawan da za su rabu biyu su yi wasa wuri biyu lokaci guda. Faifansu da kansu suke tallarsa a shataletalen birni. Wani injiniyan sauti daga Shikago, Jamie Carter, ya zo Yamai ya ɗauki Kaani, kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da shi. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sai Tantabara a 2018, wanda sunansa ma ba ya bukatar tafinta a wajenmu.

Abin da ya sa na fi son Kaani shi ne kalangu. Yana nan a tsakiyar jitoci da gangunan Turawa, ba a matsayin ado ba. Shi ke ba da umarni, su kuma suna binsa a guje. Jitocin suna saƙa da juna da sauri kamar hannun masaƙi, a sauya taki ba tare da sanarwa ba, kowa kuma ya faɗa daidai. A nan na fara tambayar kaina: in kalangu zai iya zama a nan ya yi sarauta, me ya hana garaya da gurmi da molo? Ƙasar Kabi ma haɗin gambiza ce irin ta Yamai, da Kabawa da Zabarmawa da Dandawa da Fulani da Dakarkari. Kayan haɗin duk muna da su.

5. Eghass Malan, na Les Filles de Illighadad (2017)

Sunan ƙungiyar da Faransanci yana nufin 'yan matan Illighadad, wani ƙauye a yankin Abalak. Fatou Seidi Ghali ta koyi jita ne da ta yayanta, a wurin da ake ganin jita kayan maza ce. Mata suna da nasu kiɗan, tende: turmi ake rufe wa baki da fatar akuya a riƙa bugawa, ga ƙwarya a kife cikin ruwa, ga tafi da guɗa, ɗaya ta bayar saura su amsa. Masana kiɗan Abzinawa sun ce daga wannan kiɗa na mata jitar maza ta ɗebo takinta. Abin da Fatou da 'yan uwanta suka yi shi ne mayar da jitar gidan da ta fito. Sahel Sounds ya fitar da faifansu na farko a 2016, wanda aka ɗauka a fili a ƙauyensu, sai wannan a 2017.

Shi kaɗai ne a cikin shidan ya shiga cikin gidanmu. Ina jinsa a zaure, Inna ta leƙo.

"Wanga ai kiɗin ƙwarya na. Ɗiyan ina na?"

Na ce mata 'yan Nijar ne. Ta tsaya ta saurara, ta ce da suna 'yan mata haka suke yi in suna daka, a yi lugude taɓarya na amsa taɓarya, da biki kuma a kife ƙwarya a ruwa har asuba. Ta ambaci Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta ce tun da injin niƙa ya zo lugude ya yi ƙaura, tun da masu lasifika suka karɓe biki ƙwarya ta koma ta fura kawai. Ƙanwata kuwa hoton ta ƙura wa ido, mace da lulluɓinta rungume da jita. Ta tambaye ni ko iyayenta sun sani. Na ce har Turai da Amurka ta je da saninsu. Ba ta ƙara cewa komai ba, amma ta sa na tura mata faifan, kuma shi take ji in tana wanke-wanke.

6. Ilana, na Mdou Moctar (2019)

Shekaru bayan sutudiyon Sakkwato, saurayin nan ya shiga wani sutudiyo a birnin Ditroit na Amurka da cikakkiyar ƙungiya: jita ta biyu a hannun Ahmoudou Madassane, mai kaurin sauti a hannun Ba'amurke Mikey Coltun, ga mai ganguna. Babu na'urar lanƙwasa murya, babu gangar kwamfuta. Mdou bahago ne, kuma a wannan faifai hannun nasa ya zama guguwa. Waƙa takan fara a hankali, ganga ta riƙa ƙara sauri kamar dokin da aka sakar wa linzami, jitar ta hau sama ta yi ta kuka har ka ce tsirkiyar za ta tsinke. Kiɗan bikin Agadas ne aka ba shi dukkan wutar da yake nema.

Akwai fushi a ciki, kuma mai shi bai ɓoye dalili ba. A hirarrakinsa yakan yi maganar yuraniyom ɗin Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971 aka yi shekaru ana kai wa Faransa tana haska biranenta, alhali ƙauyukan da ke kusa da ramin ba wuta, ba asibitin kirki. Wanda ya taso a inda ake noma abinci a loda a manyan motoci a yi kudu da shi, a bar manomi da bashin taki, ba ya bukatar dogon bayani.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihinsa shi ne jitarsa ta farko. Gidansu gidan addini ne da ba a son kiɗa, don haka da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta a ɓoye. Mu ma mun yi irin wannan a Liba muna yara: gwangwani, sanda, wayar birki. Kuntigin Ɗanmaraya Jos ma ai gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya, kuma da shi ya zaga duniya. Mahaifina bai taɓa son sana'ar tura waƙa ba, kuma ina girmama dalilinsa; ban taɓa sa Ilana a inda zai ji ba. Amma na san abin da ke sa yaro ya ɓuya a bayan rumbu da gwangwani.

Dattijon bai ji wannan faifai ba. Ya tafi gida da damina kamar yadda ya saba, a watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, bai dawo ba. Lambarsa ta daina shiga. Wani ne ke gadin layin yanzu.

Akwai wasu da suka cancanci shiga jerin: Music in Exile na Songhoy Blues, samarin da yaƙi ya koro daga arewacin Mali zuwa Bamako, wanda ya fito a 2015, da faifan farko na Etran de L'Aïr na 2018, 'yan gida ɗaya masu kiɗan bikin talakawan Agadas. Wanda ya ji shidan can, ƙafarsa za ta kai shi ga waɗannan.

Saura ma'ajiya ɗaya da ban ambata ba. A kwamfutar shagon, kusa da "Buzaye", akwai wata mai suna "Na gida". A ciki muke zuba abin da mutane suka ɗauka da wayoyinsu a yankinmu: kiɗan dambe bayan kaka, kalangun mahauta, wani mai goge a bikin Fulani, kasakasan Gambu na Fagada, ɗan ƙaramar hukumarmu, waɗanda wani ya juya zuwa memori. Gambu ma ai ba shi da kamfani. Kaset ɗinsa da ƙafarsa ya zaga ƙasar Hausa, manya na tsaki suna kuma saurare. A 2016, shekarar da ya rasu, kwamfutar ta mutu da duk abin da ke cikinta. Na Gambu an same su a wajen wasu. Na Abzinawa duk na dawo da su daga intanet cikin 'yan kwanaki, har da waɗanda ban taɓa ji ba, saboda wani ya bi sawunsu ya rubuta sunan mai waƙa da garinsa da shekara. Mai gogen nan kuwa, da makaɗan damben, da wata tsohuwa da ke waƙar niƙa, sun tafi ke nan. Ba su da suna a kan fayil, ba wanda zai ce ga inda za a neme su.

Barmani ta tafi a 2013, Ɗanmaraya a 2015, Gambu a 2016. Su sanannu ne, an adana su. Waɗanda ba a sani ba su ne ke tafiya da kayansu gaba ɗaya. Maƙwabtanmu ba su fi mu tsirkiya ba. Abin da suka yi shi ne sun bar samarinsu sun ɗauki kiɗan iyaye sun sa masa wuta, kuma an samu masu rubuta suna.

Akwai wani tsoho a wani ƙauye kusa da mu da ke kaɗa wa mafarauta garaya. 'Ya'yansa maza uku ne, biyu na kabu-kabu a Jega, ɗaya na lodin albasa a Aliero, ba wanda ya karɓi garayar. Da rani na je na same shi da goro da waya mai cikakken caji. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ya yi dariya.

"Ɗana, wa za ya saurari wanga abu?"

Na ce masa ban zo da alkawarin kowa ba, ni dai ina so. Ya ɗauko ta daga rataye, ya kakkaɓe ƙura, ya ɗaure tsirkiya. Mun yi zama uku, na samu kiɗa goma sha ɗaya, da taken kowane maharbi da bayanin wanda aka yi wa shi. Akwai kukan awaki a ciki, akwai tarinsa, akwai inda jikarsa ta shigo tana kiransa cin tuwo. Ban goge ko ɗaya ba. A kan kowane fayil na rubuta sunansa da na mahaifinsa, da garinsa, da ranar da aka ɗauka. Na ajiye a memori biyu, na tura wa wani abokina da ke karatu a jami'ar Aliero kwafi na uku, na huɗu kuma na sa a wayar babban ɗansa. Ya ce in Allah ya kai mu bayan girbi in dawo, akwai sauran da bai tuna ba.